Abin da Na Faɗa ta Kunnenka na Hagu

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Sanata Baba Disfensa a sashen masu ciwon zuciya na babban asibiti, yana da shekara saba'in da huɗu a duniya. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma kowa yana tsaye a layi yana jiran a kira shi. Labarin ya same ni a ɗakin kwamitin hanyoyi, muna ta ja-in-ja a kan wata gada. Akawun kwamiti ya sunkuyo ya raɗa mini. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Tun karon farko na ji shi sarai. Kunnuwana biyu lafiyarsu ƙalau, ban taɓa samun uzurin rashin ji ba.

Yaya, kwana goma sha biyu ke nan da muka kai ka makwancinka, sai yau na iya ɗaukar biro. Duk wanda ya san ni zai ce wannan baƙon abu ne, domin ban saba barin magana ta kwana ba. Karatuna na boko a aji uku na sakandare ya tsaya, sauran a bakin rumfar yadi na ƙarasa shi, inda na shekara ashirin ina kiran masu wucewa. A can na koyi yadda ake jefa murya ta tsallake rumfa shida ta ƙwato mai saye daga hannun maƙwabci. Da wannan murya na shiga siyasa, da ita na shigo Majalisar Dattawa, har abokan aiki suka manta sunana suka koma ce mini Amsa-kuwwa. Kai kaɗai ba ka taɓa kirana haka ba. Ƙanena kake cewa, ko Ɗan kasuwa in na ba ka haushi.

Tsarin kujerun zaure ne ya haɗa mu. Layi na huɗu, kusa da ƙofar gefe, ni ina hagunka. Ranar farko na zuba maka gaisuwa mai tsawo, kana ta kallon gaba kamar da bango nake magana. Na ce a raina, to, an haɗa ni da mai girman kai. Sai da ka juyo ka ga bakina yana motsi, ka yi dariya, ka nuna kunnenka na hagu ka ce wani zazzaɓi ya tafi da shi tun kana ɗan shekara tara. Ka ce, "In zagina za ka yi, zauna inda kake. In gaisuwa ce, zagayo." Daga baya da ka san irin surutuna, ka riƙa gaya wa mutane cewa Allah ya ji ƙanka da ya ajiye ni ta ɓangaren da ya mutu.

Kai ka koya mini zaman majalisa. A makon farko na miƙe na fara magana ba tare da Shugaban Majalisa ya ba ni dama ba, kamar ina taron 'yan rumfa. Ka kama gefen rigata ka ja ni ƙasa a hankali, ka tura mini 'yar takarda da ka rubuta: a nan sai an kira ka kake ciniki. Wata uku kana yi mini irin waɗannan takardu, ba ka taɓa gyara ni a gaban kowa ba. Har yanzu wasu suna cikin aljihun tebur ɗina.

Mutanen waje sun san ka a matsayin Sanata. Mu na ciki mun san cewa ba ka taɓa barin aikinka na farko ba, na disfensan ƙaramin asibitin ƙauye. Tsohuwar jakarka baƙa, mai zip ɗin da ya lalace ka ɗaure shi da zare, kullum da na'urar awon jini a cikinta. Ka auna masu shara, ka auna direbobi, ka auna mai ɗaukar sandar majalisa. Ka taɓa tare Shugaban Majalisa a bakin lif ka naɗe masa hannun riga, masu gadinsa suna tsaye sun rasa yadda za su yi da kai. Ni kuwa da ka auna ni, ka daɗe kana kallon allon na'urar, sannan ka ce in kawo maka maganin da nake sha. Na zaro shi ina alfahari, na ce a kasuwarmu na saya, wurin yaron gida, rabin kuɗin kantin magani. Ka ɓare ƙwaya ɗaya, ka murje ta da bayan cokalin shayi, ka ɗanɗana da kan harshe. Ka ce, "Ɗan kasuwa, shekara nawa kana shan alli?" Ranar da kanka ka raka ni wurin likita.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinyar ƙarshe, manya da yawa sun zo, sun ɗauki hoto, sun tafi. Kai ka zo da farantin ƙwai wanda babu komai a ciki, ka zauna a kan tabarma ka jera mata magungunanta a ramukan, na safe daban, na rana daban, na yamma daban, ka koya wa matata yadda za ta bi su ba tare da ta rikice ba. Tsohuwar ta riƙa tambayata, yaushe likitan nan mai farantin ƙwai zai dawo? Ban taɓa gaya mata Sanata ne ba, don ba za ta yarda ba.

Sai kuma alewar tari. Duk ranar zama, kafin a shigo da sanda, za ka buɗe ɗan gwangwaninka ka ɗora guda ɗaya a kan tebur ɗina. Ka ce makogwaro jari ne, kuma ka lura ba ni da wani jarin. Shekara bakwai ba ka fasa ba.

A nan ya kamata ta'aziyya ta tsaya, in yi addu'a in rufe. Haka na yi niyya. Amma ka koya mini cewa maganin da aka sha rabi ya fi wanda ba a sha ba haɗari, don haka zan ƙarasa.

Kowa ya san kana da ƙudiri guda da ka shigo majalisa dominsa, na hana sayar da magani a rumfunan kasuwa da kan faranti a cikin rana. Ka gaya mini dalilinsa sau ɗaya kawai, a ofishinka, kana wanke kofi. Lokacin kana disfensa aka kawo maka wata mata da ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Allurar asibiti ta ƙare, mijin ya ruga kasuwa ya sayo. Ka yi mata ɗaya, ka yi ta biyu, ka yi ta uku. Allurar irin wadda sai a firji take rayuwa ce, ita kuwa ta yi watanni a kan tebur rana tana dukanta, ta zama ruwa. Matar ta cika a hannunka tana tambayarka ko yaron ya sha nono. Ka ce tun ranar kake ajiye fayil, duk wanda ka ji maganin kasuwa ya kashe, ka rubuta sunansa da garinsu. Ka shekara shida kana bin ƙudirin nan daga wannan kwamiti zuwa wancan, har ya kai karatu na biyu.

Ga wanda bai san yadda muke aiki ba, yawancin ƙudirori da murya ake yanke su. Shugaba zai ce masu goyon baya su ce e, sai a amsa. Ya ce waɗanda ba sa so su ce a'a, sai a amsa. Ɓangaren da ya fi cika masa kunne shi ya ci, ya buga guduma, an wuce. Ba a rubuta sunan kowa. A irin wannan awo, mutum irina ya fi mutum goma masu sanyin murya, kuma kowa a zauren ya san haka. Mai ƙudiri yana da dama guda in bai yarda da hukuncin ba. Zai iya miƙewa ya nemi a ƙirga, a kira sunan kowa ya tashi tsaye ya faɗi matsayinsa a gaban kyamara.

Kwana biyar kafin ranar yanke ƙudirinka, na shiga ofishinka na dafa ƙirji. Na zagaya ta damanka don ka ji da kyau, na ce, "Yaya, ko ni kaɗai na ce e, sai rufin zauren nan ya girgiza." Ka ce ka sani.

Washegari da rana na dawo gida na tarar da takalma sun cika ƙofar falona. Shugaban ƙungiyar masu sayar da magani na kasuwarmu ne da mutanensa, kusan su talatin. Waɗannan mutane su suka manna hotunana a zaɓen farko, su suka rufe rumfuna suka bi ni yawon neman ƙuri'a. Shugaban nasu tare muka taso, rumfarsa tana kallon tawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mun ji abokinka zai kore mu daga kasuwa. Kai namu ne, a rumfa ka yi gemu. Saura wata huɗu zaɓen fid da gwani. Mu dai za mu kunna talabijin." Da yamma mai tsawatarwa na jam'iyyarmu ya kira ni, ya ce manya ba sa son ƙudirin a shekarar zaɓe, kuma ana buƙatar makogwarona.

Na zauna na yi irin tunanin da na iya, na ɗan kasuwa mai son ya sayar wa mutum biyu yadi ɗaya. Na tuna ƙuri'ar murya ce, babu suna. Na tuna ina zaune ta kunnenka na hagu.

Ranar Talata ce. Ka shigo da farar riga sabon guga, ka buɗe gwangwani, ka ɗora mini alewa biyu. Ka ce, "Yau ina buƙatar muryar nan." Na jefa su baki ɗaya a baki. Ka tashi ka yi jawabinka minti goma sha biyu, ba ka ƙawata komai ba, ka karanta sunaye biyar daga fayil ɗinka ka zauna. Zauren ya yi tsit irin wanda ban saba ji ba, har na ga wasu da aka ba umarni suna sunkuyar da kai. Na san ɓangarorin biyu sun kusa yin kankankan.

Shugaba ya ce masu goyon baya su ce e. Ka juyo ka dube ni. Na wangale baki iya faɗinsa, na ɗaga haɓa, jijiyar wuyana ta tashi, ban fitar da ko numfashi ba. Ka ga bakin, ka mayar da idonka gaba. Shugaba ya ce waɗanda ba sa so su ce a'a. Na ture birona ya faɗi ƙasa, na sunkuya kamar zan ɗauko shi, daga ƙarƙashin tebur na saki a'ar da ban taɓa sakin irinta ba tun ina bakin rumfa. Da alewarka a bakina na yi ta. Guduma ta sauka. Masu a'a sun yi rinjaye.

Na ɗago da biro a hannu na ga ka dafa tebur ka fara miƙewa. Na san ƙirga za ka nema, kuma in aka kira sunana babu ƙarƙashin teburin da zai ɓoye ni. Ka kai rabi, ka tsaya a haka kamar mai tunanin wani abu da ya manta a gida. Ka juyo ka kalle ni, sannan ka koma ka zauna. Na ɗauka gwiwarka ce ta motsa. Ka dafa cinyata ka ce, "Na ji ka, ƙanena. Allah ya bar mana makogwaron nan." Na amsa da amin. A raina har wata 'yar dariya na yi, na ce tsoho da kara, da wane kunnen ka ji ni?

Na ci zaɓen fid da gwani, na ci babban zaɓe. Kai ma ka dawo. Aka sake ajiye mu a kujerunmu. Ranar farko ka buɗe gwangwani ka ɗora mini alewa ɗaya kamar yadda aka saba. Shekara biyu da wata biyar ina shanta, ko sau ɗaya ba ta yi mini zaƙi ba.

Ba zan ce ban yi yunƙurin gaya maka ba, amma ka ji irin yunƙurin. Wata rana ana karanta wani dogon rahoto, rabin zauren yana gyangyaɗi, na matso kusa da kai na ce a hankali, "Yaya, ni na kashe ƙudirinka. Ka yafe mini." Ta kunnen hagu na faɗa. Kana ta bin takardarka da yatsa, ko gezau ba ka yi ba. Na koma na jingina ina jin kamar na sauke kaya. Har na gaya wa kaina cewa ai na faɗa, in bai ji ba wannan tsakaninsa da zazzaɓinsa ne. Da ka kwanta asibiti na zo sau uku. Kujerar masu dubiya tana dama da gadon. Duk zuwa sai in jawo ta in zagaya da ita hagu, in ce hasken taga yana damuna. Na ba ka labaran majalisa da ƙarfi, kana dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Abin da ya kawo ni na koma da shi gida.

Kwana biyu bayan rasuwarka, 'yarka ta fari, wadda kake ce wa Uwata, ta aiko a kira ni daga cikin masu zaman gaisuwa. Ta kai ni ɗakin karatunka. Jakar nan mai zare tana rataye a bayan ƙofa, tabaranka yana kan littafi a buɗe. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ɗan akwati kamar na zobe, ta buɗe. A ciki akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar wake biyu ba.

Ta ce, "Baffa, ka san wannan?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Na'urar ƙara ji ce. Likita ya ce kunnen bai mutu duka ba. Shekaru ina fama da Baba ya sa, yana ƙi. Sau ɗaya ya yarda, ranar ƙudirinsa. Ya ce yana so ya ji e ɗin nan da kunne biyu. Ni na sa masa ita da safe, na ja hularsa ta rufe."

Na nemi kujera. Ta bar ni na zauna, sannan ta ci gaba da muryar da babu faɗa a cikinta, wadda ta fi faɗan ciwo. Ta ce da ka dawo gida ranar, ka zauna a bakin gado ka ce, "Uwata, na'urarki tana aiki sosai. Zo ki cire mini ita." Ba ka sake sa ta ba. In ta yi maka magana sai ka ce majalisa ta fi daɗin zama da kunne ɗaya. Sai a asibiti, saura kwana huɗu ka rasu, ka gaya mata abin da ka ji.

Ta ce ta tambaye ka me ya hana ka neman a ƙirga, tunda da an kira sunaye da wataƙila ka ci. Ka ce da ka nema, da ka tsayar da ƙanenka tsirara a tsakiyar kasuwarsu. Ka ce wanda ya ce a'a a ƙarƙashin tebur yana jin kunya, kuma mai jin kunya yana iya dawowa wata rana ya ce e. In ka tilasta masa ya faɗe ta a tsaye da sunansa, ka rufe masa hanyar dawowa, don zai ƙare rayuwarsa yana kare ta. Ka ce ƙudirin zai sake zuwa, kuma zai buƙaci wanda 'yan kasuwa suke saurare.

Yaya, cin amanar da na yi a ɓoye ka ji ta da kunnen da na raina. Neman gafarar da na yi kuwa ba ka ji ba, domin na zaɓi in yi ta inda na tabbata ba za ka ji ba. Na daɗe ina ganin kaina mai wayo. A wannan ɗaki na gane tun daga ranar Talatar nan kana zaune kusa da ni ka san komai, kana buɗe gwangwani.

Ta miƙo mini fayil ɗin. Ka ja layi da jan biro a ƙarƙashin kwanan watan ranar Talatar nan, kuma ba ka daina rubutu ba. Sunaye arba'in da ɗaya ne a ƙasan layin. Na bi su da yatsa har na kai na ashirin da uku na tsaya. Matar mai gyaran agogo ce, wanda teburinsa yake jingine da rumfata ta farko, mutumin da ya shekara yana tsare mini kaya in na tafi salla. Haihuwa ce, jini ne, allurar nan ce. Na je masa gaisuwa a lokacin. Ni aka ba addu'a saboda muryata, na yi ta mai tsawo, mutane suka yaba. Ban tambayi me ya kashe ta ba. Kai ka tambaya.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni kunya, kuma zan faɗe shi tunda na fara. Sai makon jiya na karanta ƙudirinka har ƙarshe. A da shafin farko kawai na duba. A shafi na tara ka rubuta cewa ba za a kori kowa ba. Za a ba masu sayar da magani shekara uku, a horar da su, a gina musu shaguna masu firji a gefen kasuwa, a ba su lasisi. Mutanen nan talatin da suka cika falona ba miyagu ba ne, tsoron yunwar 'ya'yansu ya kawo su. Da na karanta shafi tara kacal, da na juya su kafin shayinsu ya huce. Ni da na taɓa sayar wa mai sanƙo mataji har ya dawo ya ƙara na biyu. Abin da ya fi sauƙin sayarwa a rayuwata aka ba ni, ban ko buɗe kwalin ba.

Ranar da majalisa ta yi zaman girmama ka, an lulluɓe kujerarka da farin ƙyalle. Sanatoci suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ji muryoyin da na sani, waɗanda muka haɗa a'a tare, suna cewa an yi rashin gwarzon talakawa. Ba na zargin kowa, don ni na ja musu baki. Shugaba ya dubo layi na huɗu ya ce maƙwabcinsa ya yi magana. Na tashi, na kunna makirufo, na buɗe baki. Babu abin da ya fito, kuma wannan karon ba da gangan ba. 'Yan jarida suka rubuta cewa baƙin ciki ya hana Amsa-kuwwa magana. Ku gyara labarinku. Kunya ce.

Jiya na kai ƙudirin ofishin Akawun Majalisa. Ban canza ko waƙafi ba, sunanka yana sama, nawa yana ƙasa a matsayin mai gabatarwa. Kafin in isa mota labari ya kai kasuwa. Shugaban masu magani ya kira ni ya ce, "Ashe mutuwa tana canza wa rayayye jam'iyya?" Na ce masa ranar Asabar zan zo, ya tara mutanensa, zan karanta musu shafi na tara da bakina. Ya ce in zo da takalmin gudu. Mai tsawatarwa kuma ya tuna mini cewa akwai mutum uku masu son kujerata, kuma duk sun fi ni jin magana. Gaskiya ya faɗa. Wataƙila wannan ne zangona na ƙarshe, wataƙila ma ƙudirin ya sake faɗuwa. Abin da na ɗauka wa kaina guda ne. Ranar da za a yanke shi, duk yadda guduma ta sauka, zan miƙe in nemi a ƙirga, a kira sunan kowa, a fara da nawa.

Da zan fito daga ɗakin karatunka, Uwata ta kira ni ta ɗora mini gwangwanin a hannu. Sabo ne, ba a ɓare shi ba. Ta ce ranar da za a kai ka asibiti ka sa aka tsaya a kantin magani ka saya. Ta ce, "Ya ce a ba Baffanki, kada muryarsa ta dishe kafin lokacin." Yana nan a kan tebur ɗina. Ba zan buɗe shi ba sai ranar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta shekara arba'in da shida tana zama ta damanka don ka ji ta, ga Uwata da ƙannenta huɗu, da jikokinka, da mutanen mazaɓarka, da masu shara da direbobin majalisa waɗanda tun ranar suke tambayar wa zai riƙa auna su. Ina neman afuwarku a fili, da sunana da kuka sani. Ina neman afuwar mai gyaran agogo, da iyalan sauran arba'in ɗin da ban taɓa ganin fuskarsu ba. In ba ku yafe ba, ban ga laifinku ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa marasa lafiya. Duk hannun da ka auna, duk ƙwayar da ka jera a farantin ƙwai, Allah ya sa ka tarar da su a ma'auninka. Yadda ka rufa mini asiri a gaban mutane alhali kana da ikon tona shi, Allah ya rufa maka naka ranar da ake kiran kowa da sunansa. Ya sa kyakkyawar sallama ce farkon abin da za ka ji da kunnuwanka biyu. Ya ba iyalinka haƙuri, ya tsaya musu, ya sa mu cika da imani in namu layin ya zo.

Ka ce in gaisuwa ce, in zagayo. Na makara, Yaya, amma ga ni na zagayo.